Ranar da Shanu Suka Sha Koren Ruwa

Ni mace ce mai saurin hannu. Kowa a garinmu ya sani, ni ma ban taɓa musu ba. Ina budurwa na fasa wa wata leɓe a bakin rijiya don ta ture mini tulu, bayan aure kuma na taɓa bin wani mai awon gero da taɓarya har tsakiyar kasuwar Kore Mairuwa. Waɗannan duk ban yi nadamarsu ba, in da za a sake ma sai na ƙara. Duka ɗaya ne kawai nake kwana da shi nake tashi da shi, kuma tsohon da na yi wa shi bai taɓa ɗaga mini ko ɗan yatsa ba.

Bafillace ne, abokin wasan gidanmu. Mu Arawa da Fulani akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni: mu zage su, su zage mu, su shiga gidanmu su ɗauki abin da suka ga dama, mu ma mu yi musu haka, kuma ba a fushi. Abu ɗaya ne aka hana, fitar da jini. Tsofaffinmu sukan ce wanda ya fitar da jinin abokin wasansa ba ya gamawa lafiya. Shi wannan tsoho, ubansa ne ke sauke shanu a gonar surukina bayan an cire amfani, su ci kara su bar taki, da suka mutu kuma 'ya'yansu suka gaji abin. Duk kaka sai ka ji shi tun daga bakin hanya yana ƙwala kira.

“Ina bawan ga nau? Hito ka amshi sandata, na gaji!”

Maigidana ya fito yana gyara hula. “Ɓarawon hatsi, ashe bana ma ba ka mutu ba? To ka makara. Rijiyar da shanunka ka sha, tun jiya niz zuba mata guba.”

“Wa ka tsoron gubar mutanen da mussa ta yakushe ma huska?”

Tsagarmu yake nufi, wadda ke tashi daga gefen baki ta tafi kunne, wai mage ce ta yi mana ita. Ni kuwa “matar bawa” yake ce mini, ya miƙa hannu cikin kwandona ya ɗauki sabulu uku ya wuce, in bi shi da zagi har ƙofar gida. Maganar gubar nan kuwa ba shekarar da ba a yi ta. Ita ce gaisuwarsu.

Sai an san maigidana za a gane nauyin wannan abu. Mutum ne da sai ka taka shi sau uku kafin ya ce ka ɗaga ƙafarka. 'Yan'uwansa na ciki ɗaya duk sun rasu, ba shi da majalisa, ba ya hira a bakin masallaci, ni kaina in na sami magana goma daga bakinsa a wuni to ranar ya yi surutu. Amma in shanun nan suka sauka gonarmu, wata biyu cur ina jin dariyarsa daga bayan gida, irin wadda har sai ya riƙe ciki yana tari. Na yi kishin tsohon nan, ba zan ɓoye ba. Na kuma gode wa Allah da ya yi shi, don ba don shi ba da ban san mijina yana da haƙoran ciki ba.

Sana'ata sabulu. 'Yan kasuwa suna hawo da manja daga kudu ta Kamba cikin manyan tano, wato durom na ƙarfe, in sun sayar da na sama sai laka ta rage a gindi, baƙa-baƙa mai tsami, wadda ko mayunwaci ba zai sa a miya ba. Ita nake saye. In dafa ta, in tace, in zuba soda, in yi ta juyawa da muciya mai tsayin mutum har ta kama. Muciyar tawa ta itacen ƙirya ce, na gaje ta wurin gwaggona, soda ya ci bakinta shekara da shekaru har gefen ya yi kaifi.

Abin da ba a gaya wa mai son shiga sana'ar nan shi ne ruwan da ke saura. Wankin tano, wankin tukunya, da wanda ke tsatsowa ƙarƙashin sabulu. Ja ne, mai santsi, in ya daɗe a hannu sai fata ta saluɓe. Shekaru ina watsa shi bayan katanga, har ciyawa ta daina fita a wurin, wari kuwa sai wanda ya saba. Ranar da agwagin maƙwabciyata biyar suka sha suka mimmiƙe, ko sallama ba ta yi ba ta faɗo mini gida. Ta cije ni a kafaɗa, har yau shaidar haƙoranta tana nan, ni kuma na tuge mata kitso guda da saiwarsa na jefa mata a fuska. Maigari ya kira ni ya ce ko in san inda zan kai ruwana, ko in bar sana'ar.

A lokacin maigidana yana ci-rani a bakin teku. Rani shida ya yi a wani kamfanin matsar manja, kuma aikin da aka ba shi shi ne wanda kowa ke gudu, wato tsaron tafkunan da ake zuba datti. Shekarar nan da maza suka dawo, wannan da rediyo, wancan da turmin atamfa, nawa mijin ya sauko daga mota rungume da bido, jarkar roba, cike da koren ruwa. Na ce masa in wannan ce tsarabata ya juya ya mayar musu. Sai da ya ci tuwo tukuna. Sannan ya yi mini bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce can ma dattinsu irin nawa ne, sai dai nasu ya kai girman tafki. Suna sakar masa gansakuka, irin ƙananan nan da ido ba ya raba ɗaya da ɗaya, sai dai ka ga ruwa ya koma kore. Ita ce ke cinye dattin. In ta yi kauri a kwashe ta, a zuba a rufaffen rami, ta ruɓe a ciki, ta ba da iskar da ake kunnawa a yi girki.

Ya haƙa ramuka uku a bakin gona, bayan gidanmu, kowanne zurfinsa iya gwiwa, ya shafe su da siminti ya kewaye da ƙaya. A na farko nake zuba ɗanyen ruwana, shi kuma ya bi gidaje yana roƙon ruwan wankin gero mai tsami yana ƙarawa, don ya ce tsamin ne ke karya zafin soda. In ya kwana biyu ya huce sai a buɗe masa ya gangara na biyu, a yaɗe man da ya taso. Na ukun shi ne na gansakuka, kore shar. Doka ɗaya ya kafa mini, ya kuma maimaita ta har ta ishe ni.

“Kar ki kuskura ki zuba ɗanyen ruwa cikin na ukku. Ko mi ya hwaru.”

Kowace safiya ya tace gansakukar da tsohon ɗankwalina, ya cuɗa ta da kashin shanu, ya ɗura a wani rami na huɗu mai murfin siminti, wanda tiyo ya fito daga cikinsa ya bi gindin katanga har madafina. Mutane suka ce baƙin ruwan teku ya taɓa masa kai. A mako na biyar ya kira ni, ya murɗa wani ɗan ƙarfe, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya ba hayaƙi ba toka. Daga ranar na daina sayen itace, idanuna suka daina zubar da ruwa, maƙwabciyata mai agwagi ma ta leƙo ta katanga ta kalla ta koma. Na yi alfahari da mijina, har na gaya masa, abin da ban saba ba.

Kashin shanun kuwa na Bafillacenmu ne. Da ya zo da kaka ya ga maigidana yana bin bayan shanu da kwando, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce ya daɗe da sanin Ba'are, wato ɗan Arawa, zai ƙare a nan, tun da madara ta fi ƙarfinsa. Ya zagaya ramukan, ya leƙa na ukun, ya ce wannan ai tafki ne aka haƙa wa shanun ubangida. Maigidana ya ce eh, guba ce ya tanadar musu. Suka tafa.

Shekara biyu abin yana tafiya daidai. A ta uku ruwa ya yi jinkiri, bazara ta yi tsanani, tafkunan daji duk suka ƙafe, rijiyoyi suka ja baya. Ramin gansakukarmu ma ya janye ya koma rabi. Ranar da abin ya faru jajibirin kasuwa ce, na dafa sabulu tukunya uku tun asuba, na tara ɗanyen ruwa baho biyu, irin mai ƙarfin nan na ƙarshe da ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Na ɗauko na farko a ka, rana tana dukan ƙeyata, na tarar ramin farko ya cika har baki. Na duba gabas, na duba yamma. Maigidana yana can ƙarshen gona yana sassabe. Na ce a raina baho biyu me za su yi, na tsallaka ƙayar na juye a na uku. Na koma na kawo na biyun na ƙara. Koren ya buɗe ya haɗiye jan ruwan, ya sake rufewa kamar ba a yi komai ba.

Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo shan ruwa. Ya tsaya bakin ramin, ya ga kwaɗi biyu sun juya ciki sama, ya tsoma yatsa ya murza. Ya zo ƙofar madafi.

“Kin zuba?”

“Na zuba. Sai mi? In sha shi za ni yi?”

 Ya ɗauki gatari ya ce bari ya saro ƙaya ya ƙara wa shingen kafin awakin mutane su gano. Yana fita na ji kukan shanu daga arewa.

Ba lokacin zuwansu ba ne. Daga baya muka ji cewa rijiyar da suka dogara da ita wajen Sukukutane ta rushe, suka juyo suna neman fadama, kwana biyu shanun ba su sha abin kirki ba. Na leƙa ta kan katanga na gan su, ƙasusuwan kwankwaso a waje, harsuna a zare, sun jiyo ƙanshin ruwa sun fara sassarfa. Tsohon yana gaba. A bayansu akwai babban ɗansa, ƙato mai mata da 'ya'ya, wanda ya tashi wurin kawunnansa can kudu, bai san mu ba, mu ma sau ɗaya muka taɓa ganinsa.

Maigidana ya yar da ƙayar da ya saro ya sheƙa da gudu, hannuwa a sama. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar.

“Tsaya! Kar su sha! Guba ta!”

Tsohon ya washe baki. Leɓunansa sun tsattsage don ƙishi, amma ya yi dariya. “Na sani, bawa. Shekara talatin kana zuba ta. Kauce.”

“Ba wasa ni kai ba! Wallahi tallahi akwai soda ciki, yanzu anka zuba!”

“Yaushe Ba'are ya san Allah? Rantse da Doguwar borinku in ji.”

Ya sa sandarsa ya ɗaga ƙayar ya jefar gefe, kamar yadda ya saba ɗaga murfin rumbunmu. Haƙƙinsa ne. Kuma ruwan kore ne, irin wanda shanunsa suka sha a kowane tafki tun da aka haife su. Ni ina tsaye a bayan katanga, ni da na zuba da hannuna. Da na buɗe baki na ce ni na zuba, da wataƙila ya tsaya, don ni ban taɓa yi masa wasan guba ba. Amma na ji kunyar a san ni ce, na yi shiru na ɗan lokacin da bai fi a haɗiyi yawu ba, kuma shi ke nan lokacin da ake da shi.

Shanun suka danno. Maigidana ya faɗa cikin ramin har gwiwa, ya juya gatarinsa ta ƙota, ya shiga dukansu a fuska. Yana duka yana ihu. Ya sami wata a hanci, jini ya fantsamo masa a riga, ya sami wata a ƙaho har ya ɓalle ya rataya da fata. Sai babbar saniyar da ke jan garken, fara mai dogayen ƙaho, ta sunkuyar da kai za ta sha, ya ɗaga ƙotar da hannu biyu ya sauke mata a ido. Na ji fashewar idon daga inda nake.

Dariyar tsohon ta tsaya. Amma ba shi ya motsa ba, ɗan ne. Shi dai abin da ya gani, wani manomi yana fasa idon saniyar ubansa a bakin ruwa. Ya ratsa shanun, ya ɗaga sandarsa mai kan ƙarfe, ya sauke ta a kafaɗar maigidana. Ƙarar ta yi kamar an karya busasshen kara. Maigidana ya durƙushe cikin ruwan, ɗan ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara a baya, ya ɗaga zai sauke ta huɗu a ka.

Ban san lokacin da na tsallake katanga ba. Muciyar tana hannuna, da sauran sabulu mai zafi a bakinta. Ɗan nake nufi, Allah ya sani, ƙeyarsa nake kallo, kuma da na same shi da na kashe shi. Sai tsohon ya shiga tsakani. Ya riƙe sandar ɗansa da hannu biyu, ya juyo yana cewa wani abu, ina jin “matar bawa” zai ce, sai muciyar ta same shi a kunci. Gefen nan mai kaifi ya shiga daga bakin leɓe ya tafi har gindin kunne. Naman ya buɗe, na ga haƙoransa ta gefe, sodan da ke jikin muciyar ya shiga ciwon. Bai yi ƙara ba. Ya zauna a ƙasa, jini yana bin gemunsa yana sauka a ƙirji, yana kallona.

Muna wannan, shanun suna sha.

Ihun ya tara gari. Maza suka fito da sanduna da gatura da barandami, suka ga maigidana kwance a bakin rami hannu a lanƙwashe, ba wanda ya tambayi ba'asi. Suka rufe ɗan da duka. Suka kayar da shi, wani ya taka masa wuya, wani ya fasa masa kai da ƙotar fartanya, na ga wani saurayi da ko gaisawa ba ma yi da gidansu yana neman inda zai soka masa wuƙa. Maigidana ne ya ja jiki da hannu ɗaya, ƙafafunsa duk sun saluɓe da soda, ya faɗa a kan mutumin da ya karya shi, ya rufe shi da jikinsa.

“Wanda duk yat taɓa shi ban yahe ba! Ɗiyan gidanmu na! Ku duba shanu!”

Sai a lokacin aka duba. Waɗanda suka riga kai baki, su bakwai, sun ja baya suna kaɗa kai, kumfa tana zuba, harsunansu sun yi fari sun kumbura. Farar nan mai ido ɗaya ta fara faɗuwa. Ta yi ta shure-shure tana tona ƙasa da ƙaho, tana wani kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, cikinta yana tashi. Tsohon ya miƙe. Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure fuskarsa, ya zare wuƙa, ya je ya durƙusa a kanta. Ya kira ta da sunanta, ya shafa mata wuya, ya yanka. Ya tashi ya je kan ta biyu. Mahautan garinmu suka matso za su taya shi, ya ɗaga musu hannu. Biyar ya yanka da kansa, ɗaya bayan ɗaya, jininsa yana ɗiga cikin nasu, biyu ne suka tashi. Naman ba wanda ya yarda ya ci, aka haƙa rami aka binne, ungulu suka yi kwana uku suna kewaya wurin.

Da la'asar jandarma suka zo daga Tibiri. Na shirya, na ɗaura zanena da kyau, na ce yau sai gidan kaso, kuma na cancanta. Babbansu ya tambayi tsohon wa ya yi masa wannan. Da ƙyar yake magana, kuncin ya kumbura. Ya ce saniya ce ta tunkuye shi. Aka tambayi maigidana, ya ce faɗuwa ya yi a rami, shanu suka bi ta kansa. Ɗan ya buɗe baki, uban ya dube shi, ya rufe. Jandarman ya ce ba a raina masa hankali, tsohon ya ce tsakanin Bafillace da Ba'are babu shari'a, in yana da wani aiki ya je ya yi. A mota ɗaya aka kai su likita su uku. Maigari ya tara dattawa a kan a biya shanun, tsohon ya aiko cewa ko igiya ba zai karɓa ba.

Kafaɗar maigidana ta ɗoru a karkace, har yau hannun ba ya wuce kunne. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Da ya warke ya kewaye ramukan da bulo ya sa ƙofar ƙarfe, ya sake renon gansakukar daga ɗan irin da yake ajiyewa a tulu. Wutar ta dawo. A kanta nake dafa sabulu har gobe.

Da kaka ta yi muka zuba ido. Na ce ba zai zo ba, maigidana ya ce zai zo. Ya kuwa zo, ya sauke shanunsa a gonarmu inda ubansa ke saukewa. Amma ba mu ji kira daga bakin hanya ba. Sai sallama muka ji a ƙofar gida, a hankali, irin ta baƙo.

“Salamu alaikum. Malam na ciki? An wuni lahiya, Malam? Ya iyali?”

Maigidana ya tsaya da hula a hannu. Na ga bakinsa ya shirya “ɓarawon hatsi”, na ga ya haɗiye ta. Ya ce lafiya lau. Suka gaisa kamar mutanen kirki, suka yi maganar damina da tsadar dusa, tsohon ya yi godiya ya tafi. Maigidana ya shigo ya zauna a gindin katanga kusa da tiyonsa, bai ci tuwo ba ranar. Haka aka yi kaka huɗu. Ba gaba, ba fushi, kashin shanu ma har tara mana shi yake sa a yi. Ladabi kawai yake mana, kuma ban taɓa sanin ladabi yana da ciwo haka ba. Dariyar nan ta bayan gida ban sake jin ta ba.

Makon jiya na gan shi a kasuwar Kore Mairuwa. Ya tsufa, ya bar wa ɗan tafiya da garke. Ya tsaya gaban kwandona, rawanin ya zame, na ga tabon da kyau a cikin rana. Ya tashi daga gefen baki ya tafi kunne, a miƙe, ko wanzamin garinmu ba zai fi haka ba. Tsagar Arawa ce sak a fuskar mutumin da ya shekara talatin yana mana dariyarta. Duk ƙasar nan ba wanda bai lura ba, kuma ba wanda ya iya faɗa.  Na ce yau ko ya tsine mini, in dai zai zage ni.

“Kai bawa,” na ce da ƙarfi, yadda masu tumatir da masu gishiri za su ji, “ashe ka zama Ba'are ba ka hwaɗi ba? Saura kunci guda. Zo gida in ƙarasa ma, muciyar tana nan.”

 Ya kai hannu ya taɓa tabon. Na ga wani abu ya motsa a gefen bakinsa, na ce ga ta nan tafe. Sai ya gyara rawaninsa.

“Sannu da aiki, Hajiya,” ya ce, ni da ko Dosso ban taɓa wucewa ba. “A gaida Malam.”

Ya zaɓi sabulu ɗaya, ya ajiye kuɗinsa a bakin kwando, ya tafi.

Kafin in kai gida labari ya riga ni, an gaya wa maigidana an gan mu muna magana. Na tarar da shi a ƙofar madafi yana jira, abin da bai saba ba. Ko kayana ban sauke ba ya tambaya.

“Mi yac ce?”

Na dubi kafaɗar nan da ta karkace, na dubi fuskarsa. Sai na ji bakina yana cewa, “Ya ce in gaya ma bawanshi mai cin kashin shanu shi wanke kwando, ubangijinshi na nan tahe.”

Ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai ya fara dariya, tun yana yi a hankali har ya riƙe ciki da hannunsa mai lafiya, yana tari, hawaye suna bin tsagarsa. Ya ce ɗan banzan tsoho, bari ya zo, shekara huɗu yana tanadin amsar da zai ba shi. Na ce bari in duba wuta, na shiga madafi na ja ƙyaure.

Tun ranar kullum da yamma sai ya fita bakin hanya ya tsaya yana duban arewa. Gero ya riga ya fitar da kai. Bai fi wata guda ba su sauka gonarmu.